Yayana Bishir Ba Infoma Ba Ne

Shekara huɗu ke nan da aka kai yayana Bishir makwancinsa, kuma har yau akwai gidaje a garinmu da idan an ambace shi sai a rage murya. Ni ban iya rage murya ba, duk wanda ya san ni a firamaren da nake koyarwa a Ƙanƙara zai shaide ni. Shi ya sa bana na ce ba zan tsaya ga addu'a da rabon waina ba, zan rubuta a inda kowa zai gani. An ce yayana infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoton gari. Ƙarya ne, kuma da yawa daga masu faɗar sun san ƙarya ne.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don ba garin nake ƙara ba, a can aka yanke mini cibiya. Yana tsakanin Faskari da Sabuwa, cikin garuruwan nan da masara ke shanye hanya da damina. Yaya ya karanta kwamfuta, ya yi 'yan shekaru yana aiki a birni, sai mahaifinmu ya rasu, Inna kuma ta ce ba mai raba ta da ɗakinta. Ya tattaro ya dawo gida da kwamfutarsa da faifan sola guda, yana yi wa mutanen nesa aikin manhaja daga zaurenmu. Da safe yakan je gona, kodayake gaskiya noma bai karɓe shi ba. Idan ka hango kunya ta karkace kamar mai neman hanyar Daudawa, ba sai ka tambayi gonar wa ce ba. Mutane na yi masa dariya, shi ma yana taya su, kuma duk wanda wayarsa ta rikice ƙofar gidanmu yake nufa.

Sai shekarar nan ta zo da aka katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya, wai don a toshe wa mutanen daji kunne. Mu aka fara toshewa. Ba a daɗe ba aka gano cewa a ƙwanƙolin wani dutse da ke yamma da gari ana tsintar sabis daga nesa, ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Nan da nan wurin ya zama kasuwa. Tsofaffi na hawa da sanda don su aika wa 'ya'yansu da ke Kudu saƙon murya, 'yan hatsi na tambayar farashi, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

A nan Yaya ya lura da wani abu. Idan mutum na tsakiyar aika saƙo sabis ya ɗauke ya dawo a take, wani lokaci sai wayar ta sandare, ko manhajar ta rufe kanta. Ba waya ɗaya ba, ba kamfani ɗaya ba. Masu wayoyin suka ɗora wa batir, wata tsohuwa ta ce mutanen ɓoye ne na dutsen ba sa son hayaniya. Shi kuwa Yaya abin ya tsaya masa a rai, don ya ce idan wayoyi daban-daban na faɗuwa a rami ɗaya, to ramin a ƙasa yake, can inda dukkansu suka haɗu.

Ga yadda ya bayyana mana daga baya, ni da Inna, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ya ce manhajojin da muke taɓawa a fuskar waya ba su ne ke yin wahalar ba. A ƙarƙashinsu akwai wasu tsofaffin guntayen aiki da kowa ke ara, masu sana'ar na kiransu laburare, kodayake ba littafi ko ɗaya a ciki. Ɗaya daga cikinsu shi ke kula da shigar saƙo da fitarsa. Duk lokacin da zai yi aiki yakan ari wuri a ƙwaƙwalwar waya, idan ya gama ya mayar. Ya ce wa Inna ta ɗauka aron gona ne: ka ara, ka girbe, ka mayar, mai gona ya ba wani. To wannan laburaren, idan sabis ya yanke yakan mayar da gonar, amma idan sabis ya dawo a daidai lokacin, sai wani ɓangarensa da bai ji labari ba ya koma ya ci gaba da shuka a gonar da ta riga ta zama ta wani. Yawanci waya sandarewa kawai take yi. Amma mugun da ya gane sirrin zai iya yanke saƙo da gangan, ya riga kowa shiga wurin da aka mayar, ya ajiye nasa umarnin, waya ta bi ba tare da mai ita ya sani ba. Zai ji maganarka, ya ga hotunanka, ya san inda kake. Inna ta ce, to ai wannan shi ne infoma na gaskiya.

Masu kula da laburaren 'yan tsiraru ne, a warwatse cikin duniya, yawancinsu aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin. A inda suke sabis ba ya irin wannan rawar, shi ya sa ramin ya shekara da shekaru ba wanda ya taka shi. Yaya ya aika musu bayani ta hanyar sirri, suka gwada suka kasa ganin abin, suka ce tunda a dutsensa kaɗai yake fitowa, ya taimaka ya rubuta gyaran. Kuma a sana'arsu akwai ƙa'ida: wanda ya gano irin wannan rami ba ya faɗa wa kowa yadda ake shigarsa sai an toshe, an raba gyaran. Ya yi musu alkawari.

Wannan alkawarin ne ya ci sunansa. Kowa yakan hau dutse ya aika saƙonsa ya sauko, shi kuwa sai ya wuni a can da kwamfuta a cinya da wayoyi a gefe, yana jiran sabis ya ɗauke. Mutumin da ke murna idan sabis ya yanke, me za a ce da shi? A daidai lokacin aka kore shanun wata ruga kusa da mu, aka kuma ɗauke wani ɗan kasuwa a ranar da ya sayar da hatsinsa, abin da ke nuna lallai wani na ciki ne ya kai labari. Ba zan yi wa mutanenmu ƙarya ba, tsoronsu na gaske ne, infoma kuma akwai su, mun ga waɗanda aka kama. A lokacin an saba da abu ɗaya: idan matasan da ke tsaron gari suka tare ka, ka buɗe wayarka su duba. Wanda ya buɗe ya wanku, wanda ya yi gardama ya tona kansa. Ba mu san wata amana da ake riƙewa a cikin na'ura ba.

Inna ta aiko direban motar kasuwa ya ce in zo maza. Na iso ranar da aka kira shi ƙofar gidan mai gari bayan la'asar, na laɓe a zaure tare da matan gidan ina jin komai. Baba Ilu, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a danginmu yanzu, shi aka sa ya yi magana.

Ya ce, "Bishir, ba wanda ya ce ka yi wani abu. Buɗe na'urar nan mutane su gani, kowa shi tahi gida."

Yaya ya ce, "Baba, ga wayoyina, a duba duk wanda na kira. Amma kwamhutar nan akwai amanar mutane ciki. Gyaran wata ɓaraka nike yi. Ku ba ni lokaci, ni da kaina zan kawo maku ita a buɗe."

"Amanar su wa?"

"Waɗanda nike aikin da su."

"Ina suke? Ɗiyan wane ne?"

"Ban taɓa ganinsu ba, Baba."

Na ji wurin ya ɗauki guna-guni, na dafe kai. Da ya iya ƙarya ko kaɗan da ya ce abokan karatunsa ne na Zariya. Wani daga baya ya ce a karɓe ta a kai wa masu gyaran waya na Funtuwa su fasa. Nan Yaya ya rungume kwamfutar a ƙirji ya ce sai dai a fasa shi tukun. A cikinta akwai ɗan gwajin da ya haɗa wanda ke nuna yadda ake shiga ramin, kuma ya san idan ya faɗa hannun masu buɗe wayoyin sata, kafin mako ya zagayo ya gama yawo a zaurukansu, daga nan ya isa daji. Bai iya faɗin haka a gaban taro ba, don faɗin ma rabin tonawa ne.

Ba a taɓa lafiyarsa ba, albarkacin mahaifinmu. An dai ce kada a sake ganinsa a kan dutse. Sauran hukuncin ba a furta shi ba, amma mun gan shi: masu kawo gyaran waya suka ɗauke ƙafa, a masallaci aka riƙa barin tazara a gefensa, matan da ke zuwa wa Inna hira suka tuna suna da aiki.

Da magariba na tare shi a tsakar gida na zazzage masa. Na ce, "Yaya, mi zai ragu gare ka in ka buɗe? Waɗannan mutanen naka da ba ka taɓa gani ba, su za su zauna da Inna cikin garin nan?" Ya bar ni na gama, sannan ya nuna wayar da ke hannuna ya ce, "Taki ma tana da ramin. Ta Baba Ilu ma haka. In na buɗe don in wanke kaina, na buɗe gidan kowa." Ban gamsu ba a ranar, kuma in faɗi gaskiya har yanzu akwai ranakun da nake jin haushin taurin kansa. Amma haushin ƙanwa daban, ƙazafi daban.

Da aka hana shi dutse sai ya koma shiga motar kasuwa zuwa garuruwan da ba a katse wa layi ba. Can kuma sai sabuwar matsala: sabis ɗin ya yi kyau da yawa, ba ya yankewa, ramin ya ƙi fitowa. Sai ya ɗauki tukunyar dalma ta Inna mai murfi. Ya sa waya a ciki ya rufe, sabis ya ɗauke, ya buɗe, sabis ya dawo. Haka ya riƙa zama a gindin bishiya a garin mutane, babban mutum mai digiri, yana buɗe tukunya yana rufewa kamar mai duba ko wake ya nuna. Da ya ba ni labari na yi dariya har da hawaye, a lokacin da dariya ta yi tsada a gidanmu.

Gyaran kansa bai fi 'yan layuka ba. Ya sa duk lokacin da aka mayar da wuri a goge alamar da ke nuna shi, ya kuma sa ɓangarorin nan biyu su riƙa jiran juna. Amma sai da aka dawo masa da shi sau da yawa. Akwai wata mata cikin masu kula da laburaren da ba ta barin ko ɗigo ya wuce, yana kiranta Hedimasta, yana mita yana gyarawa. Ya ce gaskiyarta, gyaran da aka yi da gaggawa shi ke haƙa sabon rami. A ƙarshe suka karɓa, aka raba wa masu ƙera wayoyi, abin ya bi duniya shiru. Ba ganga ba sanarwa, sai dai ɗan rubutun nan da waya ke nunawa cewa a sabunta ta.

Ranar da alkawari ya sauka daga wuyansa ya cika ɗayan alkawarin. Ya ɗauki kwamfutar a buɗe ya kai wa Baba Ilu, ya ce a tara mutanen ranar nan a duba. Baba Ilu ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Bari dai, abin ya wuce, kada a tada zance." Ya je wurin mai gari, aka ce ya dawo. Ya koma, aka ce ana baƙi. Mutanen da suka cika fili don su ji laifinsa, ba a samu ko kaɗan daga cikinsu da za su zauna su ji wankinsa ba. Wannan shi ne abin da ban yafe ba. Kuskuren farko tsoro ne ya jawo shi, na biyun kuwa girman kai ne zalla.

Da kaka ta zagayo, yana dawowa daga gona tare da wasu manoma, 'yan bindiga suka buɗe musu wuta a hanya. Yana cikin waɗanda ba su tashi ba. Sauran an kira su shahidai, kuma shahidan ne, Allah ya jiƙansu. Shi kuwa kafin a yi sadakar uku na ji da kunnena ana cewa ai rabon ganima ne ya haɗa shi da abokan cin mushensa. Harsashi ɗaya, hanya ɗaya, amma shi mutuwarsa ma sai da aka mai da ita shaida a kansa. Tabarmin da muka shimfiɗa na zaman makoki rabinsu haka muka naɗe ba wanda ya zauna.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Sabis ya dawo, dutsen ya koma hannun awaki. Yaran da suka riƙa yi masa ihun infoma a wancan lokacin, yanzu kowa na ɗaukar bidiyon kansa da wayar da gyaransa ke ciki. Wani tsohon abokin aikinsa da ya zo gaishe da Inna ya ce mini yanzu ana sake rubuta irin waɗannan laburare da sababbin harsunan kwamfuta da ba sa yarda a koma wurin da aka mayar, har akwai na'urori masu farautar ramukan da kansu. Na san zai yi murna, sannan ya ɗaga gira ya tambaya ko an gwada su a inda sabis ke rawa. Ba ya yarda da abin da aka gwada a birni kaɗai.

Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne zaman sulhun da ake yi yanzu. Mun ga mutanen daji sun fito da bindigoginsu a kafaɗa, an shimfiɗa musu tabarma a inuwa, manya sun miƙa musu hannu. Ban ce kada a yi sulhu ba, ni ma ina so ɗalibaina su zo makaranta ba fargaba, ina so a je garin Ruwan Godiya a dawo lafiya. Amma garin da ya iya haɗiye zuciya ya gaisa da wanda ya riƙe bindiga, ya kasa buɗe baki ya ce mun yi kuskure a kan wanda ya riƙe kwamfuta. Yayana ba afuwa yake nema ba, don bai yi laifi ba. Garin ne ya kamata ya nemi afuwarsa.

Na san akwai inda aka rubuta sunansa da Turanci cikin godiyar masu gyaran, abokin nasa ya nuna mini. Na gode musu. Amma wannan ba ya wanke mutum a bakin masallacin garinsu, kuma Inna ba a can take zaune ba.

Watan jiya matar autanmu Lawal ta haifi namiji. Lawal ya ce sunan yayansa zai sa. Baba Ilu ya kira shi gefe ya ce kada a ɗora wa jariri kaya, sunan yana da nauyi a garin nan. Da Lawal ya kafe, sai aka kawo dabara irin ta manya: a raɗa wa yaro sunan a kunne, amma a sanar da Halifa, a kuma riƙa kiransa haka. Ai dama al'ada ce, in ji Baba Ilu, wa ya taɓa jin an kira mai sunan mamaci gatsal, balle ga Inna, wadda Bishir ne ɗanta na fari? Nan ya samu mafaka mai kyau, don gaskiya ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Tana cewa "wancan", ko "yayanku", ko "mai kwamhuta" idan tana cikin raha. Ko ranar da aka shigo da gawarsa, "yaron nan" ta ce.

Ranar suna da hantsi maza suka taru a ƙofar gida, mu muna ciki. Aka yi addu'a, aka shafa, sai muka ji maroƙi ya ɗaga murya: Halifa, Allah shi raya Halifa. Masu guɗa suka ɗauka. Ina neman mayafina in fita in yi abin da na saba, sai na ga Inna ta riga ni miƙewa. Ta dafa bango ta bi har zaure, matar da ban taɓa ganin ta leƙa taron maza ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Guɗa ta tsaya cak.

Ta ce, "Malam Ilu, ban ji da kyau ba. Mi anka ce sunan yaron?"

Baba Ilu ya ce, "Hajiya, ai kin sani. Kunya muka taya ki."

Ta ce, "Shekara talatin da wani abu ina jin kunyar sunan nan don girma. Ba ni jin kunyatai don ƙazahi. Sunan yaro Bishir. Bishir, ɗana. Maroƙi, hwaɗi yadda na hwaɗa."

Maroƙi ya dubi Baba Ilu, Baba Ilu ya dubi ƙasa. Sai maroƙi ya faɗa, ya kuma maimaita, a gaban liman da mai gari da duk waɗanda suka zauna a wancan taron. Ba wanda ya tashi. Inna ta juyo ta koma ɗakinta, ta zauna a bakin gado, na riƙe ta muka yi kukan da muka daɗe muna bin kanmu.

Har yau ba wanda ya zo ya ce mana ya yi kuskure, kuma na daina jira. Abin da yayana ya bari ba ya bukatar izininsu. Gyaransa na cikin aljihun kowa, yana tsare sirrin wanda ya zage shi kamar yadda yake tsare na Inna. Allah ya jiƙanka Yaya, ya sa ka huta. Yaron kuwa yana nan yana ƙiba, ba laƙabi ba alkunya. Nan da 'yan shekaru zai fara yawo a layinmu, kuma duk wanda ke son ya aike shi ko ya kore shi daga bakin rijiya, ba shi da wani sunan da zai kira.